Teburin Mai Kafe A Sabon Wuri: Ƙaura, Haya Da Haƙƙin Maƙwabta



Babu unguwar da mutum zai shiga a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya rasa wani lungu inda aka kafa dogon tebur da benci biyu, tukunyar ruwan zafi tana kan murhu, an jera gwangwanayen madara da na Nescafé, ga ƙwai a gefe, ga burodi cikin buhu. Wasu suna ce wa mai wurin mai shayi, wasu mai kafe, amma sana'ar ɗaya ce. A nan leburan da ya fito tun da duhun asuba yake karya kumallo, a nan mai gadi yake wartsake gajiyar dare, a nan ɗan kabu-kabu yake jiran fasinjan farko, kuma nan uwargida take aiko yaro da kofi idan baƙo ya sauka ba shiri. Mun saba da shi har ba mu lura da shi, sai ranar da aka wayi gari babu teburin.

Mutanen Yamai ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da hukumomin birnin suka shiga rushe shaguna da rumfunan da ke bakin manyan tituna, cikin shirin gyaran gari kafin taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a watan Yuli na 2019. Masu tebur da yawa sun tashi a wannan karon. Amma rusau ba shi kaɗai ke tayar da mai kafe ba. Mai gida yakan sayar da gidansa, magada sukan raba fili, a zo shimfiɗa kwalta, ko haya ta hau fiye da ƙarfin ciniki. Ba mu nufin shiga tsakanin hukuma da ƴan kasuwa a nan. Abin da ya dame mu shi ne magidancin da ya ɗora benci da tukunya a kan amalanke, yana da iyali a gida, yana neman inda zai sauke.

Gahawa ba baƙuwa ba ce a tarihin Musulmi. Sufayen ƙasar Yaman ne suka yaɗa shan ta a ƙarni na 15, domin ta taimake su raya dare da zikiri, daga can ta isa Makka da Alƙahira, sannan aka buɗe gidajen shan ta a Istambul wajen tsakiyar ƙarni na 16. A shekarar 1511 wani hakimin Makka mai suna Khair Beg ya tara malamai da likitoci aka hana ta, amma hanin bai daɗe ba, kuma daga baya malamai irin su Abdulƙadir al-Jaziri suka yi rubutu a kan halaccinta. Wanda ya duba wannan jayayya zai ga cewa damuwar mahukunta ta fi karkata ga majalisar da ake kafawa, da irin mutanen da take tarawa da abin da suke faɗi, fiye da abin da ke cikin kofi. Shekara ɗari biyar sun wuce, har yanzu wannan ce damuwar kowane maƙwabci idan ya ga ana sauke benci kusa da ƙofar gidansa. Mu kuwa a wannan yanki garin Nescafé na gwangwani muka fi sani, wanda aka fara yi a ƙasar Suwizilan a 1938, kuma ake sarrafa shi a Abijan. Ƴan'uwanmu da suka tafi ci-rani can sun riƙe wannan sana'a har mutanen birnin suna kiran wurin shan kafe da madara da sunan "aboki". Su ma rusau da hana talla a titi na shekarar 2024 ya taɓa su.

Abin da ba ya hawa amalanke

Kayan mai kafe duka ba su fi ɗauka ɗaya ko biyu ba. Jarinsa na gaskiya yana cikin ƙafafun mutane, wato hanyar da suka saba bi kowace safiya daga masallaci zuwa gida, daga gida zuwa tasha ko wurin aiki. Mai shan kafen asuba ba ya canza hanya saboda kofi ɗaya. Idan teburin ya matsa tafiyar minti goma, ko ya koma ƙetaren titi mai yawan motoci, mutumin da ya yi shekara bakwai yana zama a kan bencin nan zai zo sau ɗaya ko sau biyu don zumunci, sannan ya koma ga wanda ke kan hanyarsa. Bai kamata a zarge shi ba. Saboda haka wanda yake da zaɓi, gara masa ƙaramin lungu a cikin tsohuwar hanyarsa da babban shago a unguwar da ba a san shi ba.

Abu na biyu shi ne littafin bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu mai tebur da ba shi da wani tsohon littafin ƴan makaranta cike da sunaye: wane kofi goma sha biyu, wane burodi da ƙwai na kwana tara, sai ƙarshen wata. Muddin ana haɗuwa kullum, kunya tana biyan wannan bashi. Ranar da teburin ya tashi, wasu sai su ɗauka bashin ma ya tashi. Mu da muka girma a zauren liman mun sha ganin irin wannan ƙara, kuma kusan kullum babu shaida sai littafin da mutum ɗaya ya rubuta. Ya kamata wanda ake bi ya sani cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kamar yadda ya tabbata a hadisi, kuma kuɗin da yake gani kaɗan ne, su ne za su sayi kwanon rufi a sabon wuri. Shi ma mai bin bashi, Alƙur'ani ya umurce shi a cikin Suratul Baƙara ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce, tun kafin tashi da mako biyu ko uku, ya zauna da kowane mutum su duba shafinsa tare, su amince a kan adadi a gaban mutum ɗaya ko biyu, su sa ranar biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duba wuri kafin a sauke kaya

Sa'ad da Abdurrahman bin Auf (R.A.) ya yi hijira zuwa Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Sa'ad bin Rabi' ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa, ya shiga da cinikin cuku da man shanu har Allah Ya buɗa masa. Wanda ya ƙaura, abu na farko da yake buƙata shi ne sanin inda mutane suke. Istihara sunna ce, shawara ma haka, amma ba su ɗauke wa mutum nauyin zuwa ya zauna a wurin da idonsa ba. Ya je bayan sallar asuba, ya dawo bayan isha'i, ya yi haka kwana uku ko huɗu, har da ranar Juma'a da ranar Lahadi, ya ƙirga masu wucewa da ƙafa. Masu wucewa cikin mota ba nasa ba ne. Ya duba ko akwai masallacin khamsu salawati, ko gareji, ko tasha, ko asibiti inda masu jinya ke kwana, ko gidan burodi kusa. Wurin gini yana kawo ciniki mai yawa, sai dai ranar da aka gama ginin leburori sun tafi.

Sai kuma maganar iska da rana, wadda matasa suke rainawa. A ƙasarmu hadarin damina daga gabas yake tasowa da guguwarsa, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas take zuwa. Rumfar da ta buɗe baki gabas za ta sha ƙura a cikin madara rabin shekara, ta sha ruwa a sauran. Wadda ta dubi yamma ranar la'asar za ta dake ta, amma wannan lokaci ne da mai kafe ba shi da ciniki, yawanci ma yana gida yana rama barci. Magabata da suke juya wa gabas baya wajen gini sun san abin da suke yi. Haka nan ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta. Wanda ya ga yadda kogin Isa ya shiga unguwannin Harobanda irin su Lamorde a daminar 2020, ba zai kama wuri cikin rani ba tare da ya yi wannan tambaya ba. Ruwan sha ma abin dubawa ne, domin wanda famfo ya yi masa nisa, mai garuwa zai zama abokin tarayyarsa a riba, kuma ƙarancin ruwa shi ke sa a wanke kofi hamsin a bokiti ɗaya.

Tikiti, takarda da lissafi

A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. Da yawa suna zaton tikitin da suke biya wa ma'aikatan magajin gari, ko patantin shekara, ya ba su haƙƙi a kan wurin da suke. Ba haka ba ne. Bakin titi filin hukuma ne, iznin zama a kansa na wucin gadi ne, ana iya janye shi, ko da mutum ya yi shekara ashirin yana biya. Wanda ya zuba siminti da ƙofar ƙarfe a irin wannan wuri ya san cewa ya yi gini a kan aro. Idan dole ce ta sa shi zama a bakin titi, to ya yi rumfar da za a iya kwance ta a yini ɗaya.

Wanda ya kama shago ko wani ɓangare na filin wani da haya, matsayinsa daban ne. Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Kodebuwa duk suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. Dokarta ta harkar ciniki, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ta tanadi cewa hayar wurin sana'a da ba a rubuta ba, ko ba a sa mata wa'adi ba, ana ɗaukarta haya marar wa'adi, kuma mai son yanke ta sai ya ba da sanarwar wata 6 aƙalla. Ɗan hayar da ya yi shekara 2 yana sana'arsa a wurin bisa sharuɗɗan da aka yi yana da haƙƙin a sabunta masa, idan kuma mai wuri ya ƙi ba tare da dalilin da doka ta yarda da shi ba, sai ya biya shi diyyar tashi. In hayar mai wa'adi ce, ɗan haya ne zai nemi sabuntawa wata 3 kafin ƙarewarta, in ya yi sakaci haƙƙin ya faɗi. Amma duk wannan ba ya amfanar wanda ba shi da rasiɗi ko ɗaya da zai nuna ranar da ya shiga.

Shari'a ta riga doka a wannan babi. Malamanmu na Malikiyya, tun daga abin da muka karanta a Risala, sun sharɗanta wa haya sanin lada da sanin wa'adi, kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk da haka idan aka ce da dattijo a rubuta, sai ya ce ai shi da wane ba su haka. To, shi da wane za su mutu, magada kuwa ba su san alkawarin baki ba. A rubuta kuɗin wata, da ranar biya, da yawan watannin da aka ba da tun farko, da wanda zai biya wuta da ruwa, da makomar rufi da daɓen da ɗan haya ya yi da kuɗinsa idan ya tashi. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi haddasa rigima. Game da kuɗin da ake karɓa don a sakar wa mutum wuri, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi bayani a zamanta na Jidda a 1988: ɗan hayar da wa'adinsa bai ƙare ba yana iya karɓar wani abu don ya bar sauran kwanakinsa, amma wanda wa'adinsa ya ƙare ba shi da abin sayarwa. Kuma bai halatta mutum ya zagaya ya ƙara wa mai gida kuɗi don a kori ɗan'uwansa da aka riga aka daidaita da shi ba.

Kafin ya sa hannu, ya yi lissafi da alƙalami. Ga misali kawai, kowa ya sa nasa adadi: mu ɗauka ribar kofi ɗaya, bayan an cire sukari da madara da gawayi, dala 5 ce, hayar shago kuma jika 15 a wata. Sai ya sayar da kofi 600 a wata, wato 20 kowace rana, kafin ya biya mai gida, bai kai komai gidansa ba, bai sallami yaronsa ba. A tsohon wuri mai yiwuwa kofi 20 cinikin rabin sa'a ne, a sabon wuri yana iya zama cinikin yini. Kuma mun ga yadda farashin kayan da ake shigowa da su ya tashi bayan rufe iyakar Benin a 2023, alhali sukari da madara da garin kafe duk daga waje suke zuwa. Wanda ya zuba jarinsa gaba ɗaya a fenti da allon suna, bai ajiye kuɗin kayan wata biyu ba, zai rufe kafin a san ya buɗe. Rancen ruwa ba mafita ba ne. Adashi, ko rance mai kyau daga dangi, ko haɗa jari da wani a kan rabon riba da aka faɗa tun farko, su ne hanyoyin da suka kuɓuta. Idan kuwa uwargida ce ta sayar da tunkiyarta ko ta ba da kwasar adashinta, a faɗa a fili ko kyauta ce ko rance ko jari, domin dukiyar mace tata ce.

Sallama kafin shiga

Baƙo ba ya sauke kaya sai ya yi sallama. Ya fara da mai unguwa, ya je da goronsa ya ce, ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da ni. Ya gai da liman. Sannan ya bi gidajen da ke dama da hagu da wanda ke fuskantarsa, ya nemi magidanta ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su abin da ba su so. Mafi yawan abin da za su faɗa sananne ne. Ba su son benci ya dubi ƙofar gida, yadda matansu da ƴaƴansu mata ba za su fita ba sai sun ratsa idanun maza goma. Ba su son hayaƙin murhu a tagar ɗaki, ko ruwan wanke-wanke yana kwanciya a gindin katanga yana cin ginin yana tara sauro, ko ihun masu kallon ƙwallo bayan sha biyun dare. Duk waɗannan ana magance su a ranar farko da juya benci da haƙa ɗan rami da sa lokacin kashe talabijin. Idan aka bari sai an yi faɗa, ko an gyara zukata sun riga sun ɓaci.

Annabi (S.A.W.) ya gargaɗi sahabbansa game da zama a bakin hanya, da suka nuna ba su da makawa sai ya ɗora musu haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim, kuma a ganinmu babu wanda ya fi mai kafe buƙatar saninsa, domin shi ne mai majalisar. Wanda ya fara zama a kan benci a makon farko shi ke yanke irin mutanen da za su biyo baya, zama da maɗaukin kanwa kuwa an san abin da yake kawowa. Idan masu haɗiyar tramol suka gane cewa a nan ana ba su ruwan zafi ba a ce musu komai, dattawa za su janye, iyaye su hana yara zuwa aike, kuma ranar da ƴan sanda suka zo ba za su tambayi wa ya sayar wa ya saya ba. Korar mai kuɗi a hannu a lokacin da ciniki bai kankama ba abu ne mai wuya, mun sani, amma a makon farko ne ya fi araha.

Akwai kuma wanda ake mantawa da shi, wato mai shayin da aka tarar a unguwar. Kasuwa ta kowa ce, arziki kuma na Allah ne, babu wanda ya mallaki masu wucewa. Amma kafa tebur daf da nasa, ko karya farashi don a kashe shi, ko janye yaronsa da ƙarin lada, ba halin Musulmi ba ne. A je a gaishe shi. Sau da yawa akan daidaita: wannan ya fi ƙarfi da safe, wancan da dare, ko sabon ya zo da abin da babu, kamar kafen Tuba na mutanen Senegal da ake haɗawa da kimba, ko shayi mai citta da kanumfari.

Sauran abin da ya rage haƙuri ne da tsayuwa a kan lokaci. Mutane ba su sabawa da teburin da yau ya buɗe gobe bai buɗe ba. Ruwa ya tafasa kafin a sallame asuba, ko da mutum uku ne za su zo, kuma an ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Kada ya rage madara ko ya ƙara ruwa don cike giɓin haya, domin tsohon abokin cinikin da ya taka ya zo, harshensa bai manta ba. Mai zaɓin lokaci kada ya ƙaura ana gab da azumi yana dogaro da cinikin safe, sai dai in unguwar mai raya dare ce, inda bayan tarawihi da lokacin sahur za su riƙe shi. Ya bar wa mai shagon da ke kusa da tsohon wurinsa kwatancen inda ya koma. Sabon wuri yakan zama gari: da babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, Wadata aka mayar da ƴan kasuwa don su jira, aka buɗe sabuwar kasuwa a 1987, Wadata kuwa ta ci gaba da ci da kasuwarta da tasharta.

Mu kuma mazauna unguwar da ya sauka, akwai abin da ke kanmu. Idan muna da ƙorafi mu faɗa masa shi kaɗai kafin mu kai gaban mai unguwa. Idan mun aiki yaro, mu ba shi kuɗi a hannu, domin watan farko ba watan buɗe sabon littafin bashi ba ne. Yaran da ke yi masa wanke-wanke, waɗanda yawancinsu daga ƙauye aka kawo su, mu tambaya ina suke kwana tun da aka rushe tsohuwar rumfar da suke shimfiɗa tabarma a cikinta, kuma ko an sama musu makarantar dare a nan kusa.